Babin Da Ba Ni Na Rubuta Ba

Makonni ke nan ban rubuta ko layi ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce lalaci ne ban yafe masa ba.

Littafin soyayya nake rubutawa a waya, babi-babi, ina turawa guruf ɗin masu karatu. Da shi nake rufa wa kaina asiri, ni da Ummi da Ɗan Baba, tun da mahaifinsu ya rasu na dawo gidan Yayana da zama. Ofishina kuwa bokiti ne da nake kifawa a bayan kicin, wajen igiyar shanya. Nan nake zama idan Ummi ta tafi makaranta, Ɗan Baba ya yi barcin hantsi, in yi ta danna waya da manyan yatsuna har su yi tsami.

A da, ko Ɗan Baba na jan zanina tukunya na tafasa, labari zuwa yake yi. Yanzu sai in zuba wa farin shafi ido, shi ma ya zuba mini. In rubuta "Ta ɗago kai ta dube shi," in goge. Wanne za ta duba? Matsalar ke nan.

Jarumar littafina bazawara ce mai 'ya'ya biyu, maza biyu na nemanta, attajiri da malamin makaranta. Wallahi na fara littafin nan tun kafin wani namiji ya yi sallama da ni. Amma sai Mai Magani, abokin Yaya mai manyan kantunan magani, ya fara zarya gidanmu da sunan nemana. Sai kuma aka lura direban motar makarantar su Ummi yana daɗewa a ƙofar gida fiye da yadda ɗaukar yarinya ɗaya ke buƙata. Shi ke nan, littafina ya tashi daga littafi ya koma shaida a gaban alƙali.

Anti, matar Yaya, ita ce mai shigar da ƙara. Tana cikin guruf ɗin. Da na tura babi za ta tari Yaya tun bai cire takalmi ba.

"Ka ji ƙanwarka! Yau ta sa malamin ya riƙe wa jarumar lema. Ai direban nan take nufi."

Idan na sa attajiri ya yi kyauta, a ce na fara hankali. Idan na sa ya yi tari, a ce na zagi abokin Yaya. Yanzu labari ya iso inda dole jaruma ta zaɓa, kuma na san duk wanda ta zaɓa, a gidan nan ni ce na zaɓa. To ta ina rubutu zai fito?

*

Ran nan da safe na rako Ummi bakin ƙofa, Ɗan Baba a kafaɗata. Motar makaranta ta tsaya, yara cike suna ihu. Direba ya sauko ya buɗe wa Ummi ƙofa da kansa, ya gyara mata jaka, sannan ya juyo wurina. Ba shi da wani kyau na a zo a gani, dogo ne siriri, amma in ya dube ni sai in manta abin da na ɗora a wuta.

"Maman Ummi, har yanzu shiru? Kullum in na sauke yara sai na duba waya."

"Kai ma za ka fara?"

"Ni ban fara komai ba. Tambaya na yi."

"To gaya mini abin da zan rubuta. Yaya ya ce amsa yake jira a kan abokinsa, kuma ba zai ba direban yara ƙanwarsa ba ko da maza sun ƙare. Kai kuma kullum sai ka ce in yi haƙuri. Haƙurin nan na yi shi har ya ishe ni."

Ban so ba, amma hawaye suka zubo. Ɗan Baba ya sa ɗan hannunsa yana dangwalar su yana dariya.

Direba ya sassauta murya. "Ba ni zan gaya miki abin da za ki rubuta ba, littafinki ne. Ni dai ina jira. Da na littafin da na gaske, duk ina jira."

Yara suka fara buga kujeru suna ihun za su makara. Ya shiga ya ja mota. Da na juyo sai na ga labulen tagar Anti yana motsi.

*

Ɗan Baba ya ƙi barci ranar. Ya kifar da kofin shayi a jikinsa, ya bi da farantin shinkafa, dole na cusa shi a baho. Hannuna duk kumfa Anti ta leƙo da fara'arta.

"Ƙanwarmu, ara mini wayarki in kira Yayanki, tawa ba kati."

Na buɗe mata da ɗan yatsan da ya rage a bushe na miƙa. Ta daɗe ba ta dawo da ita ba, ni kuma ina fama da yaro mai santsin sabulu, ban kawo komai a raina ba.

Sai da na goya shi na karɓi wayar, na ji tana ta kuka kamar an taka mata wuya. Saƙonni ne a guruf, sun fi ƙarfin ƙirga.

"Sai yau, marubuciyarmu!"

"Haba, wannan wane irin ƙarshe ne?"

"Anya lafiyarki ƙalau kuwa?"

Na ja sama da sauri. Ga sabon babi nan, da sunana, daga wayata, wanda ban rubuta harafi ɗaya a cikinsa ba.

A tsaye na karanta shi. Shafi guda aka ɓata ana yabon motar attajiri, har da launin kujerunta. Malamin da na shekara ina gina shi, a layi biyu aka mai da shi matsoraci ya gudu ya bar gari. Jarumata, wadda ba ta taɓa sunkuya wa kowa ba, aka durƙusar da ita tana godiya da hawaye. Hausar kuwa a sandare, kamar takardar da ake samu cikin kwalin magani.

Duk wannan da sauƙi. Can kusa da ƙarshe na ci karo da layin da ya tsayar mini da numfashi: "Su kuwa yaran, aka kai su wurin kakarsu, domin amarya ta samu natsuwa da angonta."

Na tarar da Anti tana yankan farce a tsakar gida.

"Anti, wa ya rubuta wannan?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Taimakonki aka yi. Kin maƙale, mutane na ta ƙorafi. Mai Magani ya zauna da kansa, da duk ayyukan da ke gabansa, ya rubuta ya turo mini, ni kuma na sa a wayarki na tura. Mutum ya yi miki wannan, ai godiya ta kamata."

"Da sunana? Ga masu karatuna?"

"To da sunan wa? Ke ma kin san nan labarin zai ƙare. Mun rage miki hanya ne."

Na juya na koma ɗaki. Mutumin nan a gaban Yaya ya dafa ƙirji ya ce zai riƙe mini 'ya'ya kamar nasa. Kullum sai ya zo da biskit a leda, yana shafa kan Ɗan Baba yana goge hannu da hankici. Ashe da aka ba shi alƙalami, layi ɗaya ya ishe shi ya kawar da su.

*

Da rana motar makaranta ta dawo. Na fita da gudu, bakina cike da bayani. Ummi ta buɗe ƙofa da kanta ta sauko ta shige gida, domin Direba bai sauko ba. Hannunsa na kan sitiyari, idonsa na kan titi.

"Allah Ya sanya alheri, Maman Ummi. Na karanta."

"Tsaya ka ji..."

"Ba sai kin wahalar da kanki ba. Na ce ina jiran amsa, na kuma samu."

Ya ja mota ya bar ni da baki buɗe.

Wannan ta fi ta Anti ciwo. Mutumin da ya karanta duk abin da na taɓa rubutawa, wanda har yakan gaya mini inda na yi sauri da inda na ji barci, a ce ya kasa bambanta hannuna da wannan kwamacala? Ashe shi ma littafin nawa shaida ce a wurinsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina huci, da zan iya da na bi motar da jifa.

Da na koma ciki sai na ji muryar Anti. Maƙwabciyarmu ta shigo, Anti tana karanta mata babin da ƙarfi, tana jan kalmomi kamar mai rera waƙa. Ummi na tsaye a gefe da jakarta a baya, ko takalmi ba ta cire ba. Kafin in kai gare su Anti ta iso layin.

Ummi ta biyo ni ɗaki ta kama gefen zanina. Shekararta bakwai, kuma ta daɗe tana jin ana cewa matar cikin littafin ni ce.

"Umma."

"Na'am."

"Mu ma wurin Kaka za a kai mu?"

"Wa ya gaya miki haka?"

"A littafinki yake. Anti ta ce duk abin da kika rubuta gaskiya ne." Ta ƙara damƙe zanina. "Umma, ni zan daina ɓata kayana. Zan riƙa riƙe miki Ɗan Baba ki yi rubutu. Ba sai an kai mu ba."

Na durƙusa na rungume ta, muka yi kuka mu biyu, Ɗan Baba a bayana ya ga abin ya zama na gayya shi ma ya kama. Na rantse mata babu inda za ta je. Ta gyaɗa kai, amma ba ta saki zanina ba. Ko banɗaki na nufa tana riƙe da shi.

*

Da yamma Mai Magani ya zo, turarensa ya riga shi shigowa. Yaya ya aiko a kira ni falo. Na shiga da Ɗan Baba a hannu, Ummi a gefe. Anti ta tsaya jikin ƙofa baki har kunne.

Yaya ya gyara zama. "Auta, an gaya mini kin yanke shawara. Kin kyauta. Dama na san ba za ki ba ni kunya ba."

"Wace shawara, Yaya?"

"Wadda kika rubuta mana."

"Ba ni na rubuta ba. Ga marubucin nan a zaune kusa da kai."

Mai Magani ya yi 'yar dariya yana wasa da makullin mota. "Ɗan taimako ne, ranki ya daɗe. Na ga abin ya gagare ki. Kuma ai kin huta, in mun yi aure ba ruwanki da wannan wahalar ta danne-danne."

Na buɗe wayar na miƙa masa. "Karanta wa Yaya layin nan. Da bakinka."

Ya duba, murmushin ya ragu. "Ai ba sai..."

"To ni bari in karanta." Na karanta shi daki-daki, ban tsallake ko wasali ba. Yatsun Ummi suka ƙara matse zanina.

Yaya ya dubi abokinsa. "Wannan fa?"

"Haba, labari ne kawai! Ƙirƙira ce. Dole a rage mutane don labari ya yi daɗi."

Nan kaina ya ɗau zafi.

"Yau kuma labari ne kawai? Yaya, shekara guda kuna tsare ni a falon nan a kan lema, a kan tari, a kan wa ya gai da wa a cikin littafi. Na yi rantsuwa har na gaji cewa ƙirƙira ce, kuka ce ƙarya nake yi, abin da ke zuciyar mutum shi yake rubutawa. To na yarda da ku. Ga abin da ke zuciyarsa nan ya rubuta. Ba wanda ya tsare shi, ba yaro a cinyarsa, ba tukunya a wuta. Ya zauna cikin sanyin ofis ya tsara gidan da yake so, kuma babu 'ya'yana a ciki!"

"Auta, ki iya bakinki."

"Na iya shi har rubutu ya ƙafe mini. Ka tambaye shi, Yaya. Ka tambaye shi a gaban yarinyar nan ko akwai ɗakinsu a gidansa."

Mai Magani ya yi gyaran murya. "To, a farko-farko dai, kafin a saba... ai kakarsu ma tana da haƙƙi a kansu. Ba cewa na yi har abada ba."

Anti ta daina murmushi. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe ban gama sanin Yayana ba. Ya shafa gemu ya kau da kai daga kallon Ummi.

"Wannan abu ne da za a zauna a daidaita. Ba a kansa za ki watsar da mutum irin wannan ba, ki ɗauko mini direban yara. Babin ya riga ya fita, mutane sun gani. Ki bar shi haka."

"In bar shi?"

"Ki bar shi. Kuma kada in ji kin tura wani abu da zai ci mutuncin baƙona."

Hawaye na zuba, amma a karo na farko cikin makonni na ji yatsuna suna ƙaiƙayi.

*

Ban koma kan bokiti ba. A nan falon na zauna a ƙasa, na jingina da bango, Ɗan Baba a cinyata yana cin gefen mayafina, Ummi ta kwantar da kai a kafaɗata. Na buɗe farin shafin da ya daɗe yana raina ni.

Ban goge babin Mai Magani ba. Daga inda ya tsaya na ɗora.

Na sa jarumata a cikin motar nan mai kujerun da aka ɓata shafi ana yabo. Na sa ta waiga kujerar baya ta ga babu kowa. Ta ce a tsaya, aka ƙi, ta buɗe ƙofa da kanta a tsakiyar titi. Ta cire takalman amarci ta riƙe a hannu, ta kama hanyar gidan kakar da ƙafa. Ba attajiri a ranta, ba malami. Ashe duk makonnin nan tambayar banza nake yi wa kaina, wai wanne za ta duba. Matar nan 'ya'yanta take dubawa, duk mai sonta sai ya biyo ta can ya same ta.

Kalmomi suka riƙa zuwa har yatsuna ba sa cim musu. Ɗan Baba ya kai wa wayar cafka na kauce ban daina ba. Yaya yana magana, Mai Magani yana magana, ni ko a jikina. A ƙasan babin na ƙara layi ɗaya: "Babin da ya gabata ba hannuna ba ne, wannan shi ne nawa."

Yaya ya miƙe tsaye. "Auta, in kika tura abin nan, ki nemi gidan zama."

Na dube shi. Shi ya goya ni ina ƙarama, shi ya ɗauko ni da kayana ranar da na fita takaba. Raina ya yi ɗaci ƙwarai.

"Ka yafe mini, Yaya."

Na tura.

Wayar Anti ta yi ƙara, ta Mai Magani ta amsa daga aljihu. Ya karanta 'yan layuka, ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce wa Yaya shi ba a taɓa yi masa irin wannan cin fuska ba. Ledar biskit ɗin da ya ajiye a kan tebur ma bai bar ta ba.

*

Rana ba ta kai ga faɗuwa ba muka ji tsayuwar babbar mota a waje, sannan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ya fita a fusace, na bi bayansa da yarana.

Direba ne. Motar makaranta na bayansa ba kowa a ciki, shi kuma duk ya jiƙe da gumi, waya a hannu. Ya durƙusa ya gai da Yaya, Yaya bai amsa ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Maman Ummi, na yi kuskure. Tun a shafin motar ya kamata in gane ba ke ba ce. Kishi ne ya rufe mini ido."

"Sai da na rubuta maka a ƙasa ka gane? Kai da nake ganin ko duniya ta kasa gane hannuna kai za ka gane? Ban huce ba, kada ma ka sa rai."

"Na yarda. Ki yi fushinki har ya ƙare, ina nan."

Yaya ya daka masa tsawa. "Kai! A ƙofar gidana kake wannan? Me ya kawo ka?"

Direba bai tashi daga durƙuson ba. Bai kuma sunkuyar da kai ba.

"Yaya, na san ban kai ba a idonka. Ɗaki biyu gare ni, kuma motar nan ma ba tawa ba ce. Amma ba ita kaɗai na zo nema ba. Mutum uku na zo nema a wurinka, in babu ɗaya a ciki ban karɓa ba."

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ja ƙofar ƙarfen ya rufe ta a fuskar Direba da ƙarfi, ya danna sakata.

"Ke kuma," ya ce ba tare da ya dube ni ba, "maganata tana nan. Ki fara haɗa kayanki."

Ya wuce ciki. Na tsaya a zaure, ban san inda za mu kwana gobe ba. A waje ban ji an ta da mota ba.

Ummi ta ɗago kai tana ƙirga yatsunta, ta nuna ni, ta nuna Ɗan Baba, ta nuna kanta.

"Umma," ta ce a hankali, "uku ya ce. Har da mu."

Sai a lokacin ta saki zanina.